Likita Ma Yana Gajiya: Tambayoyi da Amsoshi kan Galabaitar Likitoci a Lokacin Annoba

Waɗannan tambayoyi ne da suka riƙa maimaituwa a bakin likitoci, da matansu da mazajensu, tun lokacin korona har zuwa yau. Wasu a ɗakin hutun kol, wato aikin kwana a asibiti, aka yi su, wasu kuma a waya da tsakar dare. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu nauyi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da kanta. Wanda yake cikin halin gaggawa ya wuce kai tsaye zuwa tambaya ta 11.

1. Mece ce wannan galabaita, kuma da me ta bambanta da gajiyar da kowa ya sani?

Gajiyar yau da kullum barci ne maganinta. Ka yi kol, ka dawo gida ka kwanta, washegari ka tashi garau. Galabaitar da muke magana a kanta, wadda likitoci ke kira burnout a tsakaninsu, ita ce wadda barci ba ya kawar da ita: ka tashi da safe kamar ba ka runtsa ba, tunanin ƙofar asibiti kaɗai ya sa gabanka ya faɗi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fara yi mata bayani a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani ƙaramin asibitin kyauta a birnin New York suke zuwa da zafinsu, su ƙare babu kuzari babu walwala. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai har mutum ya riƙa jin haushinsa, da jin cewa ba ka tsinana komai. Hukumar ba ta lissafa ta a matsayin cuta ba, ta ce abu ne da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a magance shi ba. Wannan bayani yana da amfani ƙwarai, domin ya nuna inda tushen yake. A wurin aiki yake, ba a halin likitan ba.

2. Korona ce ta kawo mana ita?

A'a. Ta tarar da ita ne, ta yaye mata zane. Kafin 27 ga Fabrairun 2020, ranar da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas, likitan Najeriya ya riga ya saba da ganin layin da ba ya ƙarewa a sashen masu zuwa su koma, da kol a jere, da alawus ɗin kasada na naira 5,000 a wata. A watan Janairun shekarar ma, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano. Waɗanda suka daɗe a aikin kuma ba su manta da Dakta Stella Adadevoh ba, wadda Ebola ta kashe a 2014 bayan ta hana mai ɗauke da cutar barin asibiti a Legas.

Abin da korona ta ƙara shi ne tsawon lokaci da faɗi. Lassa da kwalara da sanƙarau suna da lokacinsu, su zo su wuce. Ita kuwa ta zauna, ta shiga kowane sashe, ta kuma toshe hanyoyin da mutum kan sauke nauyi: zumunci, majalisa, jam'in salla, ziyarar iyaye.

3. Me ya sa watannin Afrilu da Mayun 2020 suka fi tsaya wa likitocin Arewa a rai?

Domin komai ya haɗu a lokaci guda. A Katsina, wanda aka fara tabbatar da cutar a jikinsa likita ne a Daura, kuma ya rasu a farkon Afrilu. A Kano an samu na farko ranar 11 ga Afrilu, kwanaki kaɗan aka rufe gari, sannan ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya sa kullen mako biyu. A tsakanin nan azumi ya kama, ana tsananin zafi. Duk wanda ya taɓa sa rigar kariya ta leda da takunkumi da safar hannu biyu a zafin Kano, da azumi a bakinsa, ya san abin da ake nufi. Mutum ya cire ta, gumi ya taru a takalminsa.

Sai ga mace-macen dattawa, har masu haƙa kabari suka fara magana. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙwaryar birnin a wancan lokaci, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Likitoci suna ganin wannan da idonsu, amma da sun fita ƙofar asibiti sai su ji ana cewa cutar ƙarya ce, ko ta masu kuɗi ce, ko hanyar cin kuɗi ce. Babu abin da ke karya gwiwa kamar ka sa ranka a kasada, waɗanda kake yi dominsu suna ƙaryata ka. Gomman likitoci sun kamu a Kano a makonnin nan, kuma duk wanda aka killace, aikinsa kan sauran yake komawa.

4. Ta yaya zan gane ta kama ni?

Jiki magayi. Ciwon kai da na wuya, ƙwannafi, barcin da ke yankewa ƙarfe uku na dare, faɗuwar gaba idan waya ta yi ƙara. Amma alamar da ta fi tabbata ita ce ta mu'amala. Ka ji kanka kana cewa "gado na shida" maimakon sunan mutum. Tsohuwa ta maimaita tambaya ka daka mata tsawa, alhali da can kai ne mai zama ka yi mata bayani. Ka fara duba takardar magani sau uku don ba ka yarda da kanka ba, ko kuma ka daina dubawa gaba ɗaya.

Sau da yawa nas ɗin da kuka daɗe kuna aiki tare ko matarka su ne za su riga ka ganewa. Idan mutum biyu suka ce maka "Likita, ka canza," kada ka musa. Zauna ka duba tambaya ta 5.

5. Galabaita ce ko ciwon damuwa ne? Ya zan bambance?

Gwaji mai sauƙi shi ne hutu. Mai galabaita idan ya yi nisa da asibiti na mako ɗaya ko biyu, yakan dawo hayyacinsa: ya ci abinci da marmari, ya yi wasa da yara. Mai ciwon damuwa kuwa ciwon yana bin sa duk inda ya je. Idan ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarka a cunkushe, abin da kake so da can ya daina burge ka, barci da cin abinci sun rikice, kana ganin kanka ba ka da amfani ko kana yawan ɗora wa kanka laifi, to an wuce batun jadawalin aiki. Wannan cuta ce mai magani, kuma ka san haka, domin kai ma ka sha gano ta a jikin wasu. Tambayoyi tara na PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa, da kake yi wa majinyata, yi wa kanka su da gaskiya.

Akwai na uku. Idan wani abu da ka gani yana dawo maka a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, kana kauce wa wani ɗaki ko wani wari, kana firgita da ƙaramin motsi, kuma an wuce wata guda a haka, wannan ciwon firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali. Dukkansu suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, kuma farar riga ba ta kare kowa daga wannan ba. Inda za ka je yana tambaya ta 10.

6. Majinyaci ya rasu a hannuna saboda babu oksijin. Na san ba ni na jawo ba, amma abin ya ƙi barina. Mene ne wannan?

Wannan tambaya ta fi kowace zuwa da hawaye. A zango na biyu na annobar, daga Disambar 2020 zuwa Janairun 2021, oksijin ya yi ƙaranci a manyan asibitoci, kuma akwai likitocin da suka tsaya da tukunya ɗaya tsakanin gadaje biyu, dole su zaɓa. Wasu sun hana ɗa shiga ya ga mahaifinsa a numfashinsa na ƙarshe, suka hana iyali wanke gawarsu yadda suka saba, domin haka doka ta ce.

Masana suna kiran wannan raunin lamiri. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Jonathan Shay, shi ya fito da maganar daga aikinsa da tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. Ma'anarta ita ce ka san abin da ya dace, ka iya shi, amma a ɗaure maka hannu. Ba ya jin maganin barci, kuma "ka yi haƙuri" ba ta isa. Abin da ke rage shi shi ne a zauna da waɗanda suka san yadda daren ya kasance, a faɗi abin da ya faru dalla-dalla, a raba abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka. Ka rubuta rahoton ƙarancin kayan a hukumance, ko da kana ganin ba za a karanta ba. Wannan takarda tana mayar da nauyin inda ya fito.

7. Ana ce mini raunin imani ne, in ƙara addu'a. Haka ne?

Ka ƙara addu'a, babu mai hana ka, kuma likitoci da yawa, Musulmi da Kirista, da ita suka tsallake wancan lokaci. Amma wanda ya ce gajiyar ƙwaƙwalwa raunin imani ce ya zalunce ka. Ba mu taɓa ce wa mai hawan jini imaninsa ne ya yi ƙasa ba.

Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya bar iyalinsa, sai ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Idan an faɗi haka a kan ibada, ina ga kol? Sayyidina Umar ma da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Neman hutu da neman magani suna cikin wannan.

8. Manyanmu sun ce su ma sun yi kol na kwana biyu da uku ba su mutu ba. Mu ne ragwaye?

Sun yi, kuma muna girmama su. Amma abin da aka jure ba lallai ne ya zama daidai ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ba barci, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda giya ta fara taɓawa, kuma a awa 24 abin ya fi haka muni. Babu wanda zai yarda direba a wannan hali ya ɗauki iyalinsa daga Kano zuwa Zariya, amma muna miƙa wa likita a wannan hali wuƙar tiyata.

Wasu ƙasashe sun koyi darasin da tsada. A New York, mutuwar wata yarinya mai suna Libby Zion a 1984 a hannun likitocin da suka daɗe a bakin aiki ta jawo aka sa iyaka ga awannin aiki, kuma a 2003 aka ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa a faɗin Amurka awa 80 a mako. A Tarayyar Turai iyakar awa 48 ce. Idan ba za ka iya canza jadawalin yau ba, ka yi abin da ke hannunka: barcin minti 20 a tsakar kol yana da amfani, kada ka sha kofi gab da sauka, kuma kada ka tuƙa doguwar hanya bayan kwanan zaune. Canza jadawalin kansa aikin shugabanni ne, duba tambaya ta 13.

9. Zan iya rubuta wa kaina abin da zai sa ni barci?

Kada ka fara. Nan ne likitoci da yawa suka zame. Ana farawa da diazepam na dare uku, ko tramadol don ciwon baya, ko allurar pentazocine sau ɗaya bayan doguwar tiyata. Likita ya fi kowa kusa da ɗakin magani, ya fi kowa iya kawo wa kansa hujja, kuma babu mai tambayarsa. Wanzami ba ya son jarfa, mun sani, amma wanda yake duba kansa ba shi da mai ce masa ya isa. Idan har ka riga ka fara kuma ka ga kana ƙara adadi, kada ka yanke lokaci ɗaya, musamman diazepam da danginsa, domin hakan na iya jawo jijjiga. Ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ya sauke ka a hankali.

10. Ina zan je, kuma ya zan yi kada labari ya zagaya asibiti?

Wannan tsoro na gaske ne. Garuruwanmu ƙanana ne ta fuskar likitanci, kowa ɗalibin wani ne ko malaminsa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce ɗaruruwa kaɗan ba ga mutum sama da miliyan 200. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi wanda ba a asibitinku yake ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika. Da yawa suna ganin abokan aiki a keɓe ko ta waya idan an nemi haka. Ka faɗa tun farko cewa kana son a ɓoye fayil ɗinka.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi sirrin majinyaci da hana nuna masa wariya. Idan an ba ka magani irin su sertraline ko fluoxetine, ka tuna abin da kake gaya wa wasu: yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

11. Abokin aikina ya ce gara mutuwa da wannan rayuwa. Me zan yi?

Ka ɗauki maganar da gaske, yau ba gobe ba. Ka keɓe shi ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko ya shirya wata hanya. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa, kada ka bar shi shi kaɗai, a raba shi da magunguna da mabuɗin ɗakin magani, a sanar da wani na jikinsa da ya yarda da shi, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a ranar. Kada ka yi masa wa'azin wuta a wannan lokaci, kuma kada ka yi alkawarin rufa asiri a kan abin da ya shafi ransa. Sashe na 231 na dokar Final Kod, dokar laifuka ta jihohin Arewa, ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da ke ƙara sa mutane yin shiru. Kai dai a gabanka majinyaci ne.

Dakta Lorna Breen shugabar sashen gaggawa ce a wani asibiti a New York. Ta kamu da korona, ta warke, ta koma aiki, sannan ta kashe kanta a Afrilun 2020. Iyalinta sun ce tana tsoron kada neman taimako ya ɓata mata aiki. A 2022 Amurka ta yi doka da sunanta don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. Idan kai ne ke cikin wannan hali, ka gaya wa mutum ɗaya kafin gari ya waye.

12. Maigidana likita ne. Tun korona ba ya hira, ya dawo sai waya ko barci. Ya zan taimaka?

Da farko ki sani ba ke ce kika yi laifi ba. Likitoci da yawa sun yi watanni suna tuɓe kaya a zaure, suna kwana a ɗaki dabam, suna hana yara rungumarsu don tsoron kawo cuta gida. Wasu maƙwabta har gudunsu suka riƙa yi. Nisan da aka koya don kariya, wani bai san yadda zai ajiye shi ba. Kada ki tare shi da tambaya yana shigowa. Bari ya yi wanka ya ci abinci, sannan ki faɗi abin da kika gani ba tare da zargi ba: "Baban Ummi, na ga ba ka barci, abin yana damuna." Ku ware lokaci ɗaya da waya ba ta shiga, ko da cin abincin dare ne, sai ranar kol. Ku kuma taimaka wajen tare 'yan'uwa masu kira da dare a duba musu sakamakon gwaji.

Ga mazajen da matansu likitoci ne, nauyin ya fi haka. Ta sauko daga kol ta tarar da girki da yara da baƙi, ba a ɗauke mata komai ba. Idan kana son ta daɗe a aikin da lafiyarta, ka ɗauki wani abu daga kanta, kuma ka yi wa danginka bayani da bakinka.

13. Ni shugaban sashe ne. Me zan iya yi da ba ya buƙatar kuɗi daga Abuja?

Abubuwa da yawa. A fitar da jadawali da wuri, a raba shi da adalci, wanda ya kwana ya tafi gida da safe. A gyara ɗakin kol: katifa, makulli, ruwa, banɗaki mai aiki. A bar mutane su tafi hutun shekara, kada a mayar da shi alfarma. Bayan mutuwa mai nauyi a tara waɗanda abin ya shafa na minti goma sha biyar, har da nas-nas da masu shara. A daina tozarta ƙaramin likita a gaban majinyata lokacin zagaye. Babban likitan da ya ce a gaban ƙananansa "ni ma na taɓa neman taimako" ya yi abin da lacca goma ba za ta yi ba.

Taron bita kan juriya ba ya maye gurbin ma'aikata da kayan aiki. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki a Yunin 2020 kan kayan kariya da alawus ɗin kasada, ta sake a Satumba, ta kuma yi na wata biyu daga Agustan 2021. Mutane sun sha wahala a waɗannan yaje-yaje, wannan gaskiya ce. Amma buƙatun su ne dai abubuwan da ke tambaya ta 2.

14. Barin ƙasar shi ne mafita?

Ga wasu ya zama, kuma ba za a zarge su ba. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce a 2024 likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya a 'yan shekarun da suka gabata, zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada da sauransu. Can akwai kayan aiki da iyakar awanni, akwai kuma kaɗaici da sanyi da nisa da iyaye. Shawara ɗaya: kada ka yanke hukunci irin wannan kana tsakiyar ciwon damuwa, domin shi yana bin mutum cikin jirgi. Ka fara neman lafiya, sannan ka zaɓa.

15. An ce annoba ta wuce. Me ya sa sai yanzu nake jin abin?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, bayan ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 zuwa 180,000 sun rasu daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Yayin da ake cikin gumurzu jiki yakan danne komai don a samu a yi aiki. Sai an lafa sannan abin ke tasowa, wani bayan watanni, wani bayan shekaru. Ga shi kuma ba a samu sararin makoki ba: malamai da abokan aiki sun rasu lokacin kulle, ba a je jana'iza ba, ba a zauna ta'aziyya ba. Aikin ma bai ragu ba, tunda waɗanda suka tafi waje ba a maye gurbinsu ba, sannan mashaƙo ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ya sake cika ɗakunan killacewa.

Jinkirin bai hana magani yin aiki ba. Koma tambaya ta 5 ka ga wanne ne a cikin ukun ya fi kama da halinka, ka kira ɗaya daga cikin wuraren da ke tambaya ta 10. Idan kuma akwai gidan abokin aikin da ya rasu a 2020 da ba ka samu zuwa gaisuwa ba, har yanzu ana karɓa.